Wane layi zaka saya a Gusau? Kafin ka biya kuɗin data ta wata, karanta wannan

Ƙanena ɗan baffana ya baro Ƙauran Namoda zai buɗe 'yar rumfar POS da cajin waya a Tudun Wada, ranan ya same ni shago yace Yaya wane layi yafi ƙarfi a garin nan in saya in huta? Nace masa wane wuri, kuma ƙarfe nawa? Ya ɗauka zolaya nake. To wallahi ba zolaya bace, shekara da shekaru ina saida shadda da atamfa cikin kasuwa, rabin cinikina ta WhatsApp yake zuwa sauran rabin kuma turansifa ne, abinda na gane shine layin da yake gudu kamar ruwa a Samaru da asuba shine zai tsaya maka cik a tsakiyar kasuwa bayan azahar, kuma sandunan sabis ɗin nan na saman waya duk a cike.

Sandunan nan sune suka fi yaudarar mutane, bari in fara dasu. Abinda suke nuna maka kawai shine wayarka tana jin ƙarfen sabis da kyau, basa gaya maka mutum nawa ne suka rataya a jikin ƙarfen. Ƙarfe ɗaya abinda zai iya ɗauka yana da iyaka, kamar rijiyar burtsatse ce ta unguwa, in kai kaɗai kaje da sassafe nan da nan jarka ta cika, in kaje lokacin da 'yan garuwa suka yi layi kana ganin ruwan da idonka amma sai ka jira. Shiyasa wuraren cunkoso irin su kasuwa, tasha, Bebeji Plaza, bakin asibitin tarayya, ɗakunan kwanan ɗalibai da daddare, sune wurin gwada layi na gaskiya.

Jajibirin ƙaramar Sallar bara wata Hajiya ta ɗauki turmi huɗu, ta tura kuɗi, an cire mata ta nuna min a wayarta, ni kuma manhajar bankina sai juyawa take kamar fanka. Na ɗaga waya sama wajen rufin kwano, na kashe data na kunna, na sa ta a yanayin jirgi na cire, shiru. Hajiya tace ɗan nan direba fa yana jirana, nace Hajiya ayi haƙuri minti biyu, minti biyu ya zama ashirin, ƙarshe yarona na ba wayar ya fita da gudu har bakin ƙofar kasuwa sannan alat ya faɗo. Layin da nake kai a lokacin ba sai na faɗi sunansa ba, don maƙwabcina mai wani layin daban shima a ranar zufa yake haɗawa. Tun daga nan na daina zama da sim ɗaya.

To ga yadda nake kallon su huɗun. MTN shine babba, sama da rabin layukan ƙasar nan nasa ne, tun 2001 yake. Amfaninsa a wajena yawan wurin da yake kaiwa, in kana yawan bin hanya, Tsafe, Funtua, Talatar Mafara, ko iyayenka suna ƙauye, da wuya ka rabu dashi, kuma galibin lambar da mutane suka ɗaura a banki da BVN dama ita ce. Sai dai kayi lissafi da kanka, inda kowa yake nan cunkoso yake, duk kasuwa in aka ce a ɗaga waya mafi yawa shi zaka gani, saboda haka shi zaka fi matsawa gwaji a lokacin hada-hada. Airtel ne na biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku na masu layi, manyanmu har yanzu wasu Zain suke ce masa wasu ma Celtel, a 2010 ya koma wannan sunan. Ni shi nake ba mutane shawara su gwada a matsayin abokin tafiyar MTN a waya mai sim biyu, don da wuya ace duk biyun sun kwanta lokaci guda sai dai in wata babbar matsala ce ta taso.

Glo kuma kowa ya san dalilin da yasa ɗalibai ke sonsa, data mai yawa a kuɗi kaɗan, dama da araha ya shigo a 2003 lokacin da ya kawo lissafin kira da daƙiƙa sauran suka biyo dole. Amma akwai abinda masu saida sim basa tsayawa suyi maka bayani, 4G ɗinsa tun farko akan zangon 700 ya ɗora shi (zango shine mitar da sabis ke bi, kamar ta gidan rediyo), wanda ake rubutawa Band 28 a bayanin waya, kuma wayoyi da yawa musamman tsoffi da wasu 'yan kwatano basu dashi. Sai kaga mutum ya sayi giga rututu wayarsa ta maƙale a H+, wato 3G, yana ta zagin kamfani alhali wayar ce bata jin yaren. In wayarka na ɗauke da shi kuma riba ce, don ƙaramin zango irin wannan yafi ratsa bango da shiga lungu. Wani abu da na riƙe game da Glo, ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddebuwa, bankuna da layuka suka rikice cikin azumi, shi nasa na ƙashin kansa Glo-1 bai yanke ba. Na huɗun 9mobile, tsohon Etisalat, wanda a 2025 ya sake suna ya koma T2 kuma ya ƙulla yarjejeniyar hawa kan turakun MTN. In kana da tsohuwar lambarsa da mutane suka sanka da ita riƙe abarka, amma ban ce wanda zai fara sana'a yau ya ɗora cinikinsa a kansa shi kaɗai ba.

Maganar 5G yanzu, don ƙanen nan nawa har ya fara lissafin ƙara kuɗi ya sayi waya mai 5G wai kar a barshi a baya. MTN ya fara nasa a 2022 da garuruwa bakwai, Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Zangon da suke amfani dashi babba ne, na 3500 da ake rubutawa 3.5GHz, yana da gudu sosai amma baya nisa kuma bango na rage masa ƙarfi, shiyasa ko a Kano ɗin unguwa-unguwa ne, ka tsallaka titi ya koma 4G. Nace masa in ba da idonka kaga 5G ya fito a wayar wani yana zaune cikin rumfarka ba, kar ka ƙara ko sisi saboda shi, kuɗin nan ka sa su a waya mai batir babba da fawa bank mai kyau. Mai POS ba gudu yake buƙata ba, saƙon cire kuɗi ɗan mitsitsi ne, abinda yake so kar layi ya yanke a tsakiya. 4G mai tsayawa daram yafi masa komai.

Kuma in kaji ana tallar an inganta sabis an ƙara kaza, ka tuna abu uku ne ke riƙe da ƙarfen nan, wuta, wayar fayiba da ke binne a ƙasa, da tsaro. Galibin turakun nan da janareto da batir suke aiki, in motar gas bata iso ba ko aka sace batir shikenan unguwa ta shiga duhu. Fayiba kuwa duk inda kaga katafila na haƙa gefen titi to ka shirya, mu da ake ta aikin hanyoyi cikin gari mun ga haka ba sau ɗaya ba, ana yanke waya ɗaya turaku da yawa su tafi tare. Tsaro kuma basai an gaya wa ɗan Zamfara ba, a Satumban 2021 aka kashe sabis a jihar nan gaba ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane na shiga mota zuwa Funtua don kiran waya ɗaya ko turansifa, da aka rufe can ma sai Zariya ko Sakkwato, sai farkon Oktoba aka dawo da na cikin Gusau. A lokacin sim goma ma bazai maka komai ba. Na kawo shi ne don wanda yake da harka a ƙananan hukumomi ya sani wani wurin ba zaɓi ake ba, wanda yake kamawa shi ake riƙewa, sai ka tambayi mutanen can kafin ka yanke.

Ga gwajin da na sa shi yayi, kuma baya cin kuɗi sosai. Ba sai ka sayi sim huɗu ba, ari wayar abokai ko su kunna maka hospot. Ka sayi data ta kwana ɗaya kawai, kar ka soma ta wata. Ka zauna daidai inda zaka riƙa zama, cikin shagon ba bakin titi ba, ka gwada sau uku, da safe, da tsakar rana lokacin da kasuwa ta cika, sai kuma bayan isha'i wajen takwas zuwa goma lokacin da duk gari ya hau TikTok. Kowane lokaci abu uku, tura bidiyon minti ɗaya a WhatsApp ka ƙirga tsawon da zai ɗauka, ka kira wani kiran bidiyo, ka buɗe manhajar banki. Turawar nan tafi muhimmanci ga mai saida kaya don da yawa layi zai sauke maka abu da sauri amma ɗora hoto ashirin a status ya zama aiki. Nace masa ya riƙa rubutawa a bayan littafin bashi, kwana uku, harda ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Akwai manhajar Speedtest in kana son lambobi amma tana shan data ba kaɗan ba, kar ka yi ta dannawa.

Sai ka duba sim ɗin kansa. Wanda ya shekara goma a waya yana iya zama na zamanin 3G, kaje ofishinsu da lambar NIN su canza maka lambarka bata canzawa. Wasu yara a kasuwar waya zasu ce kawo in kulle maka ita a 4G zalla, eh data zata zauna, amma in wayar ko layin basa yin kira ta kan 4G, wato VoLTE, sai a yi ta kiranka ana cewa a kashe kake, kwastoma ya tafi wani wurin.

Kuɗi kuma, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 lissafi ya canza, kar ka dogara da farashin da ka sani da, danna *312# a kowane layi ka gani da idonka, *323# kuma ya nuna maka abinda ya rage. Ka lura da giga nawa ne na gaske nawa ne na garaɓasa, don wata garaɓasar sai tsakar dare take aiki wata kuma ta manhaja ɗaya ce tak, kai da kake barci ƙarfe sha ɗaya me zakai da ita? Sannan masu cewa wannan layin yana zuƙe data, wani lokacin gudun ne, in layi na da ƙarfi YouTube da Facebook da kansu suke ɗaga kyan hoton bidiyo, minti goma ya cinye abinda da yake kai ka awa. Ka shiga saiti ka rage, ka hana bidiyon guruf sauka da kansa, guruf ɗin 'yan uwa kaɗai ya isa ya talauta mutum.

In gida ne ko shago mai mutum uku huɗu, rawta ko MiFi, 'yar na'urar da ake sa wa sim ta raba wifi, tafi hospot ɗin waya, wayar bata zafi batir baya kumbura, kuma zaka iya rataye ta jikin taga inda sabis yafi. Amma yawancin na kamfanoni a kulle suke da layinsu, saboda haka gwaji tukun sannan saye, kuma ka nemi mai batir ko wadda fawa bank ke ɗauka saboda halin Nepa. Starlink da ya shigo Najeriya a 2023 baya bin turakun gari sam, amma kuɗin kayan da na wata ba na mai rumfa bane, wannan sai masu kafe da cibiyar rajistar JAMB da ofisoshi.

Wanda yake son barin layi amma yana tsoron rasa lamba, tun 2013 ake iya ƙaura da ita, kaje ofishin wanda kake son komawa da shaidarka, su sa ka tura PORT zuwa 3232, kyauta ne, sai dai katinka da datar da ke tsohon layin sun tafi kenan kuma sai ka kwana 45 kafin ka iya sake tashi. In kuma ka kai ƙorafi wajen kamfanin layinka ta 300 an yi maka shiru, 622 lambar NCC ce, ka riƙe lambar ƙorafin da kamfani ya baka don zasu tambaya.

Shi dai yaron bayan kwana uku ya dawo da littafinsa, layin da yake rantsuwa dashi tun Ƙaura shine yazo na uku a rumfar, wai ginin bene na kusa ya tare shi. Ya bar tsohon a ƙaramar waya rakani-kashi saboda kira da lambar banki, ya sa wanda yaci gwajin a babbar, na biyun kuma a injin POS. Jiya na biya ta wajen na tarar ya ɗaure wayar da kyauro a jikin sandar lema can sama, nace wannan fa? Yace Yaya nan ne take kamawa.