Manifol ɗin hannu na injin Toyota a cikin Peugeot 504: aikin wani mai walda a Garwa

Duk wanda ya ɗora wa tsohuwar Peugeot 504 injin da ba nata ba ya san zaunar da injin ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana jiran ranar haɗa salansa. Tawa wagon ce haɗin Kaduna, ta mahaifina ce kafin ta zo hannuna, kuma injinta na asali ya gaji har kuɗin gyaransa ya fi na sayen wani. Sai muka sa mata 22R na Toyota Hilux, mai silinda 4, cc 2366, wanda kayansa ba sa wuyar samu daga nan Garwa ta Kamaru har Yola. Maganar giya da shaf da kujerun inji wani makaniki ne ya yi, ba shi nake bita a nan ba. Wanda nake magana a kansa shi ne mai waldar da ya ƙera mini manifol ɗin hayaƙi da hannu, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga kan inji zuwa salansa, a wata rumfar kwano da ke unguwar Jambutu ta Garwa wadda ko allon suna ba ta da shi. Malam kowa yake ce masa, ni ma haka.

Ga dalilin da ya sa aka nemi irinsa. Injin 504 na asali a karkace yake kwance, digiri 45, kuma masu ƙera motar sun tsara duk abin da ke ƙarƙashin bonet bisa wannan kwanciyar. Shi kuwa 22R a tsaye yake ƙyam, hayaƙinsa ta hagu yake fita, wato ɓangaren direba a motocinmu. Ta nan ne sandar sitiyari take sauka, ta nan ne kuma mastar birki take. Da aka gwada manifol ɗin Toyota na ƙarfen zubi, bakinsa ya faɗa daidai kan sandar sitiyari. Shawara biyu aka ba ni kafin in kai ga Malam. Wani ya ce a karkatar da sandar, wani ya ce a yanke manifol ɗin a juya bakinsa a like. Sitiyari dai ba abin wasa ba ne. Ƙarfen zubi kuma idan ba a gasa shi kafin walda ba, aka yi da sandar da ta dace, aka bar shi ya huce a hankali, to gefen waldar zai tsage, yau ko gobe.

Abin da ya fara burge ni shi ne Malam bai faɗi kuɗi ba sai da ya leƙa motar ta sama da ta ƙasa, ya sa yaro ya murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ya sa aka tayar da inji aka taka totur don ya ga iyakar girgizarsa a kan kujerunsa. Sannan ya tambaye ni: "Alhaji, gudu kake so ko ja?" Na ce ni mai ɗaukar iyali ne da buhuna, tsere ya wuce ni. Ya ce to bututu huɗu za su koma biyu, biyun su koma ɗaya, ba huɗu su faɗa wuri guda kai tsaye ba.

A nan ne na ga mutumin ya san abin da yake yi, ko da bai karanta shi a takarda ba. Injin mai silinda 4 irin wannan yana kunna wuta ne a jere 1, 3, 4, 2. Kowace silinda tana fitar da hayaƙi sau ɗaya a zagaye biyu na karanshaf, ke nan duk rabin zagaye akwai wani bugun hayaƙi da ke fitowa. Idan aka haɗa ta 1 da ta 4 a bututu guda, ta 2 da ta 3 a ɗayan, to a kowane bututu akwai tazarar cikakken zagaye tsakanin bugu da bugu, babu wanda ke cin karo da ɗan'uwansa. Kuma kowane bugu idan ya wuce da gudu yana barin ɗan zuƙo a bayansa, wanda ke taya silinda ta gaba kwashe nata hayaƙin. Wannan tsarin ya fi ba da ƙarfi a ƙasa da tsakiyar juyin inji, inda mai lodi yake rayuwa. Na huɗu a ɗaya ya fi amfani ga wanda ke ƙure totur.

Haka kuma ya ƙi babban bututu. Ɗan'uwana da ya raka ni ya so a sa mai faɗi don motar ta yi "numfashi". Malam ya ce a'a, na milimita 38 ya isa kowace silinda. Hayaƙi kamar ruwan Binuwai yake, inda ya matse yake gudu, inda ya baje sai ya kwanta. Idan gudun hayaƙin ya mutu, zuƙon nan ma ya mutu, sai ka samu ƙara ba tare da ja ba.

Faranti shi ne wurin da na fi zura ido, don nan ne yawancin aikin hannu yake lalacewa. Farantin da ke manne da kan inji ya yanko shi daga ƙarfe mai kaurin milimita 10, ya ɗora sabon gaskit ya zana ramukan, ya huda, ya gurje kowane rami da hannu har ya yi daidai da bakin kan injin, babu leɓen da zai tare hayaƙi. Da zai yi walda bai yi a kan tebur ba. Ya nemi in kawo masa mataccen kan 22R daga wurin 'yan gwangwan, ya ɗaure farantin a jikinsa da dukkan notuna, ya yi waldar a haka, kaɗan nan kaɗan can, yana barin ƙarfen ya huce. Zafi yana jan ƙarfe, faranti kuma idan ya lanƙwashe ko da kaurin takarda ne, gaskit ba zai daɗe ba, za ka riƙa jin "tik-tik" da safe, hayaƙi yana shigo maka cikin mota. Bayan an gama duk da haka sai da ya shimfiɗa takardar yashi a kan gilashi mai kauri ya sa yara suka yi ta goga fuskar farantin, yana duba ta da bakin ruler a hasken rana.

Gwiwoyin bututu ba shi da injin lanƙwasa su ba tare da sun matse ba, kuma bai ɓoye ba. Dabararsa ita ce yana tara salansar motocin gwanjo da suka yi hatsari, yana yanko gwiwoyin da kamfani ya lanƙwasa, yana haɗa su gaɓa-gaɓa. Inda babu mai dacewa sai ya cika bututu da busasshen yashi, ya toshe bakinsa, ya gasa ya lanƙwasa a hankali. Kafin ya yanki ko ɗaya sai da ya bi hanyar kowane bututu da waya mai kauri a cikin motar, ya ɗiga walda, ya ɗaura, ya cire, ya gyara. Siraran bututun da wutar kabayit ya like su, don waldar lantarki huda su take yi, ya bar ta lantarkin ga faranti. Ya kuma ƙi taɓa fayif ɗin ruwan famfo mai farin rufi, wanda na ga wasu suna yin salansa da shi. Rufin nan zinki ne, hayaƙinsa yana kwantar da mai walda da zazzaɓi, kuma waldar ba ta kamawa da kyau.

Tsawon bututun huɗu bai zo daidai ba, shi da kansa ya nuna mini. Na silinda ta 4 ya gaza sauran da kusan faɗin tafin hannu, saboda babu wurin da zai yi zagaye ba tare da ya matsi sandar sitiyari ba. Ya ce ya zaɓi tazara a kan daidaito, kuma na yarda da shi. Yanzu yatsu biyu suna shiga tsakanin bututu da sandar ko an murɗe sitiyari har ƙarshe.

To, sai aibu, don akwai.

Na farko alkawari. Ranar da ya sa mini ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Wani ɓangaren laifin na ɗaukewar wuta ne, wanda duk mai sana'a a Garwa ya san shi, amma wani ɓangaren nasa ne: duk mai babur ɗin da ya zo da karyayyen salansa sai ya ajiye nawa ya sallame shi. Idan motar ita ce abin neman abincinka, ka yi lissafin wannan tun kafin ka kai ta.

Na biyu, kuma shi ya fi ba ni haushi, zafi. Manifol na ƙarfen zubi yana da kauri da murfin kwano a kansa, bututu siriri kuwa zafinsa waje yake watsawa. A 22R fulogogi suna ɓangaren hayaƙi ne, wayoyinsu suna bi ta saman bututun. Malam ya yi wa mastar birki garkuwa ta alminiyam tun farko, kuma wannan daidai ne, don man birki DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205 ko sama, wanda ya tsufa ya sha danshi kuma tun wajen 140, mu kuma a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40. Amma wayar fulogi ta 4 bai kula da ita ba. Ta kwanta kusa da bututu, robarta ta ƙone, inji ya fara tsallake a kan gadar Binuwai da rana tsaka. Da na koma bai yi gardama ba, ya ce: "Wannan nawa ne, Alhaji." Ya ƙera maƙali ya ɗage wayoyin, ya ƙara ƙaramar garkuwa, bai karɓi ko dala ba. Sabbin wayoyin dai ni na saya.

Fentin da ya fesa kuma ɓata kuɗi ne. Ya ce na zafi ne, amma tun tafiyar farko ya ƙone ya bar toka-toka, yanzu bututun sun yi jan tsatsa na sama. Waldar ma ba ta da kyan gani, ba irin jerarriyar nan da ake nunawa a hotunan intanet ba ce. Mai son buɗe bonet a wurin biki ya yi alfahari, ba nan ne wurinsa ba.

Wajen aiki fa? Gwajin gaske shi ne hanyar Gaundare, hawan dutsen nan bayan Mbe inda manyan motoci ke rarrafe. Da mutane cike da kaya a baya motar ta hau a giya ta uku ba tare da ta nemi ta biyu ba sai a kwanar da kowa ke rage gudu, allurar zafi ba ta motsa daga wurinta ba, birki kuma bai yi laushi a gangarowa ba. Ba zan ce manifol ne ya yi wannan duka ba, don injin kansa ya fi na da girma, kuma manifol na hannu a kan inji irin wannan ƙarin da yake yi kaɗan ne. Duk wanda ya ce maka zai mayar da motarka jirgi, kuɗinka yake so. Abin da zan iya shaida shi ne babu yoyo. Na duba kewayen farantin bayan doguwar tafiya, babu baƙin hayaƙi ko ɗis. Ƙararta ta ɗan ƙaru a silo, da wani amon ƙarfe da safe kafin ta yi zafi, amma a kan hanya ana hira a ciki ba a ɗaga murya. Ya sa gaɓa mai lanƙwasuwa bayan mahaɗar bututun don girgizar inji kada ta karya walda, kuma ya ɗage salansar ta yadda tudun rage gudu ba ya taɓa ta ko da lodi.

Abu ɗaya da ba aikinsa ba ne amma ya gargaɗe ni a kai: bayan an buɗe wa hayaƙi hanya, kafireta na iya bukatar a sake saita ta. Da muka cire fulogi mun same su sun yi fari fiye da kima, alamar iska ta fi mai yawa, sai mai kafireta ya gyara. Mai shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, ya ƙara kula da wannan, don man ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba.

Na biya sefa dubu 140, har da bututu da faranti da gaɓar nan, ban da gaskit da mataccen kan inji. Wasu sun ce ya yi tsada, tunda da kashi ɗaya cikin uku na wannan za a like maka wani abu a bakin kasuwa. Ni ban ga tsada ba idan na tuna yawan sa'o'in da faranti kaɗai ya ci. Amma idan manifol ɗin kamfani yana shiga motarka ba tare da ya taɓa komai ba, bar shi a wurinsa, ya fi shiru, ya fi daɗewa, kuma ba ya gasa maƙwabtansa. Idan ba ya shiga, je wurin Malam da sassafe kafin masu babura su taru, ka tafi da mataccen kan inji da gaskit biyu, ka ba da rabin kuɗi, sauran sai an tayar da mota. Kafin ka bar rumfar ka sa a kashe inji, ka bi kowace waya da kowane tiyo da ke kusa da bututun da idonka, kuma bayan tafiyar farko ka koma a sake ɗaure notunan faranti idan inji ya huce.