Ɗumama ɗakin zane gaba ɗaya, ko ɗumama kabad ɗin fenti kawai?

'Yar'uwa, kin ce kuɗin wuta ya yi miki yawa tun da sanyi ya shigo, kina tsoron kashe hita da dare kada fentinki ya lalace, kina tambaya wanne ya fi. Ni dai kabad zan zaɓa, amma bari in ajiye miki su biyun.

Idan ɗakin za ki ɗumama, komai zai samu: fenti, takarda, zanukan da ke jingine da bango. Sai dai hita mai wat 1,500, in ta yi awa 10 tana ci ba tsayawa, yunit 15 ke nan. Kuma kada a ruɗe ki cewa hita mai mai a cikinta ta fi mai fanka rangwamen wuta. Duk wutar da hitar lantarki ta ci zafi take komawa, bambancin kawai mai man tana daɗewa kafin ta huce.

Kabad kuwa, in kika sa masa ƙaramar hita mai wat 60 wadda ke kashe kanta in ɗumi ya kai, ko ta kwana ta wuni ba za ta ci yunit ɗaya da rabi ba. Ko ma ki zuba kayan a kula ki kai ɗakin da ake kwana, ba sisi.

Abin da ya sa wannan ya isa, ba duk kayan ba ne ke tsoron sanyi. Fentin akirilik shi ne ragon. Ruwa ne a cikinsa, in ya daskare ya narke sau da yawa sai ya tsinke ya yi gudaji, ba kuma ya komawa yadda yake. Haka farin shafen da ake yi wa kyalle kafin zane, da gam na ruwa, da tawada. Ko bai daskare ba, in kika shafa shi a ɗakin da bai kai digiri 10 ba, zai bushe ba tare da ya haɗe ba, daga baya ya tsage. Fentin mai bai damu ba, man linsid da ke cikinsa sai wajen digiri 20 ƙasa da sifiri yake daskarewa. Kauri kawai zai yi, ya yi nawar bushewa. Busasshen fentin ruwa, wanda ƙaro ke riƙe da shi, da fensir da alli, bar su inda suke.

Inda kabad ya gaza shi ne zanukan da aka gama. Su ba sanyin ne ke cutar da su ba, hawa da sauka ne: zafi da rana, ƙanƙara da dare, katako ya buɗe ya tsuke, bango ya yi gumi. Laima in ta zarce kashi 65 cikin 100 ta daɗe, funfuna za ta kama takarda. Ki sayi ɗan ma'aunin laima, ki ɗaga zanukan daga ƙasa, ki janye su daga bangon waje. Busasshen akirilik yana ƙagewa a sanyi, kada ki naɗe kyallen sai ya sha ɗumi.

Hitar kananzir ko ta gas marar bututu kuwa, ban ma sa ta a lissafi ba. Tururi take fitarwa, ga iska mai guba, ga tina, wato ruwan tsinka fenti, a kusa, ga tsummokaran da suka sha man fenti, waɗanda ko ba wuta suna iya kamawa da kansu in aka tara su dunƙule. Ki toshe ƙasan ƙofa, ki sa labule mai kauri, ki kunna babbar hitar awa ɗaya kafin ki fara aiki.