Hattara da 'yan damfarar ƙananan taraktoci na hannu a intanet

Duk mai gona ko babban fili a karkara ya san amfanin ƙaramar tarakta mai cokali a gaba. Da ita ake kwashe taki, a cike ramukan hanya, a ɗauki damin ciyawa, a baje tsakuwa. Sabuwarta akwai tsada, ta hannu kuma darajarta ba ta saurin faɗuwa, shi ya sa mai nema kan daɗe yana lalube har ya gaji. Wannan gajiyar 'yan damfara suke jira.

Ga yadda suke yi. Za ka ga talla a Facebook ko wani shafin saye da sayarwa: Kubota ko John Deere fes da ita, taya da sauran rai, awannin aiki kaɗan, kuɗin kuma ƙasa da rabin yadda ake sayar da irinta. Kana tuntuɓa sai a hau ba ka labari. Wai mai sayarwar mace ce, mijinta ne ya rasu, ganin taraktar yana tayar mata da hankali. Ko soja ne an yi masa canjin wurin aiki, jibi zai tashi. Labarin yana canzawa, amma abu uku ba sa canzawa: taraktar tana nesa, ba za ka samu ganinta ba, kuma wai akwai wasu masu saye a layi, sai ka yi hanzarin ba da kafin alƙalami. Daga nan a turo maka takarda mai tambarin wani sanannen kamfani, sau da yawa eBay, ana cewa su za su riƙe kuɗin amana, a kawo maka taraktar har gida, ka gwada ta kwanaki, in ba ta yi maka ba a mayar maka da kuɗinka. Takardar jabu ce, kamfanin bai san da zancen ba, lambar wayar da ke jiki kuma ta abokin ɓarawon ce. Za su nemi ka biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi: katin kyauta (gift card), kuɗin intanet na kirifto, ko tura kuɗi asusun wani mutum daban. In ka biya, sai a ce saura kuɗin inshora, saura na tirela, har sai ka farga.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar FBI ta Amurka ta sanar a 2018 cewa daga Mayun 2014 zuwa Disambar 2017 ta karɓi koke kusan 27,000 kan tallan ababen hawa na ƙarya a intanet, asarar ta haura dala miliyan 54. Waɗanda suka kai ƙara ke nan. Yanzu har shafi guda 'yan damfarar suke ginawa da sunan dillalin taraktoci na gaske, su kwafe hotunansa da adireshinsa, su sauya lambar waya da asusun banki kawai.

Gwajin mai sauƙi ne. Sa hoton tallan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa za ka tarar da shi a wani tsohon talla na wata ƙasa. Sannan ka ce mai sayarwar ya kira ka ta bidiyo yana tsaye gefen taraktar, ya tayar da ita, ya ɗaga cokali, ya nuna maka lambar jikinta. Mai tarakta na gaskiya minti biyar ya gama wannan. Wanda ba shi da ita sai ya fara kawo uzuri, har ya nuna ransa ya ɓaci wai kana zarginsa. Bar shi da ɓacin ransa, ba a cinikin biri a sama.

Wadda ta fi damuna ita ce damfara ta biyu, domin a nan taraktar tana nan, ka gan ta da idonka, amma an yi mata kwalliya an rufe shekarunta. Tarakta ba da nisan tafiya ake auna ta ba, da awannin da injin ya yi yana aiki ne, kuma mitar da ke ƙirga su ana iya cire mata waya ko a sauya ta da sabuwa. To kada ka tsaya ga mita. Zagaya baya ka duba ramin ƙarfen da ake ɗaura tirela: a sabuwa zagayayye ne, in ya goge ya yi tsawo kamar ƙwai, ta ja kaya ba kaɗan ba. Duba robar feda da kujera da sitiyari. A ɗaga cokalin kaɗan, ka kama shi ka girgiza. In mahaɗansa suna ƙwal-ƙwal, sun ci, kuma ba a 'yan awanni suke ci haka ba. Sabon fenti a inda aka ɗaure hannuwan cokalin da jikin taraktar, sa yatsa ka shafa, sau da yawa walda aka rufe. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar nauyin cokali, don haka leƙa bayan tayoyin ko mai yana tsatsafowa.

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Kana zuwa ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an ɗumama shi, kuma injin dizal da ya gaji, sai yana da sanyi yake tona kansa: wahalar tashi da hayaƙin da ba ya yankewa. Yana aiki a hankali ka buɗe murfin baƙin mai, in hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, cikinsa ya ci. Man da ya yi fari-fari kuwa ruwa ya shiga. Cika cokalin da ƙasa, ɗaga shi, kashe injin, ka tsaya nesa kana kallo. Cokalin da ke sauka a idonka, haidirolik ɗinsa, wato tsarin man da ke ɗaga shi, na zuba ta ciki. Sandar PTO ta baya ma, wadda ke juya kayan aikin da ake jona wa tarakta, a haɗa mata wani kayan aiki a gani, juyawa babu kaya ba ta nuna komai. In ba ka san inji ba, tafi da makanikenka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Sai maganar mallaka. A wurare da yawa tarakta ba ta da takardun rajista irin na mota, shi ya sa ta sata take saurin shiga kasuwa, haka ma wadda aka ɗauko bashi ba a gama biya ba. Ranar da masu bashin suka gano inda take za su iya ɗauke ta, kai kuma ka bi wanda ya ci kuɗinka. Kwafi lambar da ke kan farantin ƙarfe a jikinta, ka gwada da ta rasit, ka kai wa wakilin kamfanin da ya ƙera ta ya duba maka shekararta da tarihinta. Farantin da aka kankare ko aka sake masa ƙusoshi, ko cokalinta da zinare aka yi, rabu da ita.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa a take, domin a awannin farko ake da damar tsayar da kuɗin, ya adana saƙonni da hotuna da lambar asusun, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma sanar da shafin don a sauke tallan. Kuma in wani ya kira yana cewa zai ƙwato masa kuɗin in ya biya wani abu, su ne suka sake dawowa.