Littafin Bach da babu alamar ƙarfi ko taushi a cikinsa: sharhina bayan wata huɗu

Ranar da littafin kiɗe-kiɗen Bach, Bajamushen mai tsara kiɗa, waɗanda nake koyo a piyano, ya iso, bayan sati biyar ina zuba ido, na buɗe shafin farko na ji kamar an yi mini sakiyar da ba ruwa. Takarda mai kyau, bugu tsaf, amma fili fetal. Babu harafin f mai cewa a ƙara ƙarfi, babu p mai cewa a sassauta, babu bakan nan da ake ja a kan sautuka don nuna inda jimla ta tashi da inda ta sauka. Ko saurin da za a bi ba a rubuta ba. Ga shi kuɗin aiko shi daga Jamus ya kusa kamo kuɗin littafin kansa.

Ƙananan kiɗe-kiɗen Bach ne guda 30: 15 masu murya biyu (wato zaren sauti biyu masu tafiya tare), waɗanda ya kira Inventio, da 15 masu murya uku, Sinfonia. Bugun littafin shi ne irin wanda ake kira Urtext, wato asalin rubutu da Jamusanci. Abin da mai kiɗan ya rubuta da hannunsa kawai ake bugawa, ba ƙari, in ban da lambobin yatsu.

Kafin nan, da wata tsohuwar fotokwafi nake aiki, wadda na gada daga malamin da ya fara ɗora hannuna a kan piyano. Editan wancan bugun bai bar gida ɗaya ba tare da umarni ba (gida nake ce wa abin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye): nan ƙara, nan rage, nan taka feda, abin takawar da ke tsawaita sauti. Ni kuwa na bi sau da ƙafa. Da na ɗauki kaina a waya na saurara, sai na ji kamar yaro ya samu rediyo yana murɗa ƙarar sama da ƙasa. Duk abin da aka ce na yi, amma kiɗan bai ce komai ba. Na kai kukana wurin Malam, ya ce, "To ka nemi wanda ba kowa ya yi maka magana a ciki sai Bach." Da haka na yi odar wannan.

Gabatarwar littafin ce ta fara kwantar mini da hankali. Bach ya fara rubuta waɗannan kiɗe-kiɗen ne a garin Köthen, cikin littafin koyo da ya buɗe wa ɗansa Wilhelm Friedemann a 1720, sannan ya sake kwafe su tsaf a 1723. Abin kiɗan gidajen Jamus a lokacin ba piyano ba ne. Akwai hafsikod, wanda tsinkar tsirkiya yake yi kamar yadda ake kaɗa molo, saboda haka ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, ƙarar kusan ɗaya ce. Akwai kuma kilabikod, mai iya ɗan bambanta ƙarfi da taushi, sai dai muryarsa ba ta wuce ɗaki. Piyano kam wani Ba'italiye, Cristofori, ya ƙera shi a Florence wajajen 1700, amma bai yaɗu ba tukuna, kuma da Bach ya gwada na wani maƙerin Jamus, Silbermann, daga baya, ya koka da nauyin maɓallansa da raunin sautukan sama. To me zai sa ya cika takarda da alamun ƙara da ragewa? Inda yake son su ya rubuta: a kiɗansa na salon Italiya da aka buga a 1735 akwai forte da piano, wato f da p ɗin nan, domin na hafsikod ne mai jerin maɓallai biyu.

Amma a shafin farko na kwafin 1723 ya faɗi abin da yake nema daga ɗalibi: ya iya buga murya biyu tsaf, daga nan uku, kuma sama da komai ya kai ga salon cantabile, wato bugu mai kama da rera waƙa. Wannan kalma ɗaya ta fi mini duk alamun fotokwafina amfani.

Na koma kan Inventio na farko, mai gida 22, wanda na ɗauka na gama da shi tun bara. Jigonsa sautuka bakwai ne da na takwas da suke faɗawa kansa: do re mi fa re mi do, sai so. Da babu wanda zai gaya mini inda zan danna, dole na tambayi kaina ina wannan magana ta dosa. Sai na lura da abin da ido ya daɗe yana tsallakewa: kiɗan da ɗan gajeren shiru ya fara. Do ɗin farko ba a kan bugu (ƙirgen ɗaya, biyu, uku, huɗu na kowane gida) ya faɗo ba, a bayansa yake, saboda haka ba shi da haƙƙin nauyi. Fa ce ke kan bugu na biyu, so kuma a kan na uku. Ni kuwa do biyun nan nake narka wa duka, na farko da na bakwai, ba don komai ba sai don babban yatsa ne ke buga su, shi kuwa ba ya san wasa. Sati guda cur na yi a kan wannan kaɗai, ina shiga a sanyaye kamar mai sallama a ƙofar gidan surukai, ina barin sautin ya ɗan cika zuwa fa, ya isa so ya zauna.

Abu na biyu, hannun hagu. Kafin gidan farko ya ƙare yake shigowa da jigon nan dai, a ƙasa. A da ina ɗaukarsa ɗan rakiya. Shafin da ba a cunkushe ba ya nuna mini ƙarara cewa mutum biyu ne ke zance, kuma in ɗaya ya karɓi magana, ɗayan ya kamata ya ja baya. A gida na 7 ma hagun ne ke fara magana, dama ta amsa. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in buga hannu ɗaya ina rera ɗayan da baki. Mutanen gida sun sha dariya. Amma duk inda numfashina ya ƙare, nan na sa ɗan waƙafi da fensir, kuma kusan kullum wurin daidai ne.

Masaukai uku ne manya: gida na 7 inda kiɗan ya sauka a kan so, gida na 15 inda ya sauka a kan la cikin launi mai ɗan duhu, sai na ƙarshe. Nan Hausa ta taimake ni fiye da kowane littafi. Mu in muna magana, murya daga sama take tasowa tana gangarowa har ƙarshen jimla, ba mai buga kalmar ƙarshe da ƙarfi sai mai faɗa. Haka na koma yi: sautin da ke da ɗan tsami kafin masauki shi ke ɗaukar nauyi, wanda ya warware shi kuma a ajiye shi a hankali.

Wurin da ya fi ba ni wuya shi ne daga gida na 15 zuwa na 18, inda hannu ɗaya ke riƙe dogon sauti, ɗayan yana tafiya, sannan su yi musaya. A piyano sauti tun daga lokacin da ka buga shi yake fara mutuwa. In ka ci gaba da ƙarfin da ka fara da shi, sai a ji kamar an yi tuntuɓe. Sai ka saurari inda dogon sautin ya kai wajen dusashewa, ka ɗora na gaba daidai nan. Feda kuwa na cire ƙafata daga kanta gaba ɗaya. Gajerun sautuka masu gudu ina haɗa su da yatsu, masu ɗan tsawo ina raba su kaɗan, kuma wannan bambancin ya ba kiɗan rai fiye da duk murɗa ƙarar da nake yi a da.

Littafin yana da nasa aibin. Bayanan edita na baya an buga su da ƙananan haruffa, sai na sa tabarau, kuma don masana aka rubuta su. Lambobin yatsun na mai babban hannu ne, na canza da yawa. Alamomin ado, irin 'yar guɗar nan da ke kan ti a gidan farko, an kawo jadawalin da Bach ya rubuta wa ɗansa a kansu, amma ba a nuna yadda za a cusa su cikin gudu ba, sai da na koma wurin Malam. Ta fannin ƙira kam ba ni da ƙorafi: yana buɗuwa ya kwanta a kan piyano ba sai an danne shi da waya ba, kowane Inventio shafi biyu ne masu fuskantar juna, babu juya takarda a tsakiyar bugu, takardar kuma tana jure gogewar fensir.

Wanda bai yi shekara biyu yana bugu ba, ko ba shi da malamin da zai riƙa jin sa, ban ba shi shawarar ya fara da wannan ba, zai ɓace a filin. Haka wanda kibod ɗinsa ba ya bambanta dannawa mai ƙarfi da mai taushi, gara ya tara kuɗin ya nemi mai maɓallai masu nauyi tukuna. Mai son ya ɗanɗana kafin ya kashe kuɗi, akwai tsofaffin bugu kyauta a shafin intanet na IMSLP, sai dai ya duba ko na editocin ƙarni na 19 ne masu yawan umarni.

Shafin Inventio na farko yanzu ya cika da rubutun fensir, nawa, na goge wasu sau uku. Na shiga na huɗu, mai bugu uku-uku, inda hannun hagu ke da wata doguwar guɗa da za a riƙe gida bayan gida ba tare da ta danne muryar dama ba. Sati na uku ke nan, har yanzu da ta kai rabi yatsuna ke sandarewa.