Gargaɗi kan masu sayar da "maganin tangaɗi da jan ƙafa" a intanet

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk wanda ke da mara lafiyar da tafiya ta fara yi wa wuya: mahaifin da ke jan ƙafa tun bayan shanyewar ɓarin jiki, mahaifiyar da ke tangaɗi da zarar ta miƙe, ɗan'uwa mai cutar Parkinson (cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki) da ƙafafunsa ke kafewa a bakin ƙofa. Akwai damfarar da ke yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma ku ake hari da ita. Shafin da ke tallar yau ya ɓace, gobe ya dawo da sabon suna, don haka ambaton suna ba zai amfane ku ba. Salonsu ne ba ya sauyawa.

Za ku ga bidiyon wani dattijo yana dafa bango yana rawar jiki, sai a sake nuno shi wai bayan 'yan kwanaki yana takawa garau. Abin da ake sayarwa ko dai awarwaro ne mai maganaɗisu, ko shimfiɗar cikin takalmi, ko kafso da aka ce yana "farfaɗo da matattun jijiyoyi". Wani lokaci har da fuskar likita tana magana, alhali da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa muryar, likitan bai ma san ana yi ba. A ƙasan bidiyon sai a jero cututtuka: shanyewar ɓarin jiki, Parkinson, ciwon laka, jiri, mutuwar tafin ƙafa na masu ciwon suga, wai duk abu ɗaya ne ke maganinsu.

Wannan jerin shi ne ya fara tona musu asiri. Tsayuwar mutum da tafiyarsa aikin sassa da yawa ne. Ido yana ganin inda ake. Can cikin kunne akwai 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk motsin da kai ya yi. Jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi suna kai labarin inda ƙafa ta taka. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya ita ke daidaita waɗannan saƙonni, sannan umarni ya bi ta laka ya isa ga tsoka. Mai shanyewar ɓarin jiki, jini ne ya yanke wa wani yanki na ƙwaƙwalwarsa ko kuma ya zuba a ciki. Mai Parkinson, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke samar da dofamin, sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, su ne ke mutuwa a hankali. Mai ciwon suga, jijiyoyin ƙafarsa ne suka lalace har ba ya jin ƙasa, shi ya sa tangaɗinsa ya fi tsanani a cikin duhu. Wani kuwa ƙashin wuyansa ne ya danne laka. Dukansu za a ce "ba sa iya tafiya sosai", amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Wanda bai ga mara lafiya ba, bai gwada ƙarfin ƙafarsa ba, bai ko tambayi magungunan da yake sha ba, ta yaya ya san wanne ke damunsa?

Idan masu kayan suka samu damar haɗuwa da mutum ido da ido, suna da wani gwaji da ke rikita har masu ilimi, kuma ina so ku fahimce shi sosai. Za a ce ka tsaya da ƙafa ɗaya ka buɗe hannuwa. Mai tallar ya danna hannunka ƙasa, nan take ka tafi kamar za ka faɗi. Sai ya ɗaura maka awarwaron ya sake dannawa, wannan karon ka tsaya ƙyam. Sirrin yana hannunsa. A karon farko yana danna ka yana ɗan karkata ƙarfinsa waje, nesa da ƙafar da kake tsaye a kai. A karo na biyu sai ya karkata shi ciki, wajen ƙafar, wato shi da kansa yake taimaka maka ka tsaya. Ga shi kuma jikinka ya riga ya san abin da ke tafe, ya shirya. Ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin Power Balance ya sayar da makamancin wannan awarwaro a ƙasashe da dama, fitattun 'yan wasa na ɗaurawa, har sai da hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta tilasta masa a Disambar 2010 ya fito ya amsa cewa ba shi da wata sahihiyar hujjar kimiyya, ya kuma yi tayin mayar wa mutane kuɗinsu. A 2011 kamfanin ya shigar da takardun karayar arziki a Amurka. Dabarar kuwa ba ta mutu ba, wasu ne suka gaje ta.

Bidiyon "kafin da bayan" ma ba sai an yi hayar ɗan wasan kwaikwayo ba, ko da yake ana yi. Duk mai jinyar wanda ya daɗe da Parkinson ya san yadda yake: da safe kafin ya sha maganinsa na lebodofa jiki a sandare, bayan kamar awa ɗaya da sha sai ya miƙe ya yi tafiyarsa. A ɗauki hoton lokacin farko, a ɗauki na biyu, an gama talla a wuni guda. Mai shanyewar ɓarin jiki kuma yawancin sauƙin da zai samu yana zuwa ne a watanni 3 zuwa 6 na farko, ko ya sha kafson ko bai sha ba. Akwai ma cututtukan jijiya da ke tasowa su lafa da kansu. Mai damfara yana jiran wannan sauƙin ne ya ce aikinsa ne. Har sa rai kansa yana da tasiri: wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2001 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar masu Parkinson tana sakin dofamin idan aka ba su maganin bogi suna zaton na gaske ne. Saboda haka wanda ya ce ya ɗan ji dama ba lallai ƙarya yake yi ba. Sai dai jin damar ba ya daɗewa, cutar kuma tana nan.

Da asarar kuɗi ce kaɗai, da da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne umarnin da sukan biyo da shi, cewa a ajiye maganin asibiti don kada ya "hana nasu aiki". Mai Parkinson da ya yanke lebodofa farat ɗaya yana iya sandarewa, zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, hankalinsa ya gushe, kuma hakan na iya kisa. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ya bar maganin hawan jini ko na hana daskarewar jini, ya buɗe wa na biyu ƙofa. In kuka kira su kuka ce jiki ya ƙara rikicewa, amsarsu a shirye take: wai dafi ne ke fita, a ƙara sayen wata kwalba.

Sannan babu wanda ya san abin da ke cikin kafson. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha kama kayan da aka rubuta wa "na ganye zalla" alhali an cusa musu sitiroyid, wato magungunan rage kumburi masu ƙarfi irin su deksametason. Wanda ya sha zai ji ƙarfi da son cin abinci a makonnin farko, iyali su yi murna. Daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, tsokar cinya ta saki har miƙewa daga kujera ta gagara. Mutumin da dama faɗuwa ake ji masa tsoro, an ƙara masa raunin ƙafa da saurin karaya. Bitamin B6 da ake yawan zubawa cikin "maganin jijiya" shi ma idan ya yi yawa aka daɗe ana sha, jijiyoyin yake lalatawa, ya kawo dindiris a ƙafa da tangaɗi, wato ainihin abin da aka saye shi dominsa.

Akwai mataki na sama da ake ajiye wa masu hali, allurar ƙwayoyin halitta na asali (waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) a wasu asibitocin kuɗi na ƙetare. Ana bincike na gaskiya a wannan fanni, amma bincike daban, ciniki daban. A 2016 likitoci a birnin Boston na Amurka suka wallafa labarin wani mutum mai shekara 66 da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya je Sin da Ajantina da Meziko aka yi masa irin wannan allura a gadon baya. Wani tsiro ya fito masa a laka, ƙafafunsa suka shanye, ya kasa riƙe fitsari. Da aka gwada tsiron, an tarar akasarin ƙwayoyinsa ba na jikinsa ba ne.

Babbar ɓarnar da ba a gani ita ce lokacin da ake cinyewa, domin wasu daga cikin musabbaban tangaɗi suna da magani in an gano su da wuri. Ƙarancin bitamin B12, wanda ke yawan samun tsofaffi da masu daɗewa suna shan maganin suga na metfomin, gwajin jini ke nuna shi, allura ko ƙwaya ke gyara shi, amma in aka bar shi ya daɗe lahanin da ya yi wa laka yana iya zama na dindindin. Jirin da ke ɗibar mutum na 'yan daƙiƙoƙi idan ya juya a kan gado, sau da yawa wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne a cikin kunne suka kauce daga mazauninsu, ƙwararre yana mayar da su da dabarar juya kai ta Epley cikin mintuna. Dattijon da ke tafiya kamar ƙafarsa ta manne da ƙasa, ga fitsari na zubo masa, ga mantuwa, yana yiwuwa ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwarsa, kuma wasu suna samun sauƙi sosai bayan an sa musu siririn bututun da ke janye ruwan. Wani ma maganin barci ne ko na hawan jini ya yi masa yawa, gyaran awo kawai yake buƙata. Duk watan da aka ɓata ana jiran awarwaro ya yi aiki, daga rabon waɗannan mutane aka cire shi. Faɗuwa kuma ba abin wasa ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyarta, kuma waɗanda suka haura shekara 60 suka fi yawa a ciki.

Na san abin da ke kai mutane hannun masu damfarar nan. Likita ya ce Parkinson ba ta warkewa sai dai a lallaɓa ta, mai gashin ƙashi ya ce a yi ta atisaye wata da watanni, sai ga wani ya ce kwana goma sun isa. Wanda yake ganin iyayensa a wannan hali ba abin zargi ba ne don ya gwada. Amma abin da ke rage faɗuwa da gaske shi ne wannan aikin mai cin rai: atisayen ƙarfafa ƙafa da na tsayuwa a hannun ƙwararre, sandar dogarawa daidai tsayin mutum, haske a hanyar banɗaki da dare, abin riƙewa a bango, kawar da shimfiɗar da ke harɗe ƙafa, duba ido, da sake bitar magunguna tare da likita. Idan kuwa tangaɗin ya zo ne kwatsam, musamman tare da karkacewar baki, sarƙewar harshe, ganin abu biyu-biyu ko mutuwar hannu, a nufi asibiti a lokacin, domin allurar narkar da gudan jini a ƙa'ida cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.

Wanda ya riga ya saya, ya ɗauki kwalbar da kwalinta ya kai wa likita ko mai haɗa magunguna, ya faɗi tsawon lokacin da aka yi ana sha ba tare da jin kunya ba. Kada a yanke kafson kai tsaye in an yi makonni ana sha, domin idan akwai sitiroyid a ciki a hankali ake janye shi. In an ajiye maganin asibiti, a sanar da likita yau. Ku duba asusunku na banki, domin wasu masu sayarwar suna saita cire kuɗi duk wata ba tare da mai katin ya lura ba. Ku adana hotunan tallar da saƙonnin da kuka yi da su da shaidar biya, ku kai ƙara ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, sannan ku kai rahoton shafin a dandalin da kuka gan shi.