Tafarnuwa da zuma ta kwalba: ga yadda na same ta

Masu tambaya kan haɗin tafarnuwa da zumar nan da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, to na saya na gwada, bari in faɗa muku tsakani da Allah.

Kwalbar dai tana da tsafta, murfi a like, tafarnuwar kuma 'yar gida ce ƙananan nan masu yaji irin na Sakkwato, ba manyan fararen nan na China ba da suke da girma amma ƙanshi sai a hankali. Zumar ta ɗan tsinke ta yi ruwa-ruwa, wannan ba algus ba ne, ruwan jikin tafarnuwar ne ya fita. Ɗanɗano ba laifi wlh, zafin ya ragu sosai har za ka iya taunawa ba tare da ka yi hawaye ba.

Wajen ciki kuwa ta yi aiki. Da farko ciki ya riƙa ƙugi, ga kumburi ga iska sai dai a yi haƙuri da mutum, daga baya ya lafa kuma bayan gida ya daidaita. Dalili shi ne tafarnuwa tana da wani sinadari da ake kira fructan wanda hanjinmu ba ya iya narkarwa, sai ya wuce har babban hanji inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani irin su Bifidobacterium suke cinye shi su ƙaru, iskar nan aikinsu ne. Amma mai olsa ko mai yawan ƙwannafi ya bi a hankali, musamman da safe ba a ci komai ba, don za ta iya tayar masa.

Abin da ya ɓata min rai takardar da aka manna ne. An jera cuta kusan goma har da ciwon suga, wai tana warkarwa. Haba jama'a, zuma fa suga ce, mai ciwon suga ya riƙa shan cokali biyu safe da yamma ai sai dai awonsa ya hau. Gaskiya ne bincike ya nuna tafarnuwa tana ɗan rage hawan jini da kitsen jini, amma ɗan kaɗan ne, ba ta isa a ajiye maganin asibiti saboda ita ba. Kuma ko a gefe ba su rubuta cewa tafarnuwa tana tsinka jini ba, alhali mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko aspirin ko wanda za a yi wa tiyata ya kamata ya sani.

Sannan guda-guda suka zuba tafarnuwar ba a daka ba, shi kuwa allicin, sinadarin tafarnuwa da ake ta yabo, sai an daka ko an yanka yake samuwa, shi ya sa ake cewa a jajjaga a bar ta kamar minti 10 kafin a sa a wuta. Idan haɗiyewa kake yi kamar ƙwayar magani ka yi asara, tauna ta.

Zan ba ta uku cikin biyar. Kuɗin ya yi yawa a kan abin da za ka iya haɗawa a gida da tafarnuwar kasuwa da zumar da ka yarda da ita.