Dakar ko Paris? Amsa ga mai lisans ɗin Tawa

Ƙanena, ka tambaye ni inda za ka yi mastar, Dakar ko Paris. Ka tafi Dakar. Waccan makarantar kasuwanci ta Paris da ta ce ta karɓe ka cikin kwana biyu, ba jarrabawa ba hira, tana jiran ka turo kuɗin riƙe gurbi, ka bar ta ta yi ta jira. Da lisans ɗinka na Jami'ar Djibo Hamani, da maki 13 bisa 20, da shekara biyun da ka yi a asusun ba da ƙananan rance, CESAG, makarantar koyon sarrafa kamfani da harkar kuɗi da ke Dakar, ita ce daidai da kai a yau.

Ni can na yi mastar ɗina, saboda haka ka san inda na karkata. Makarantar tana nan tun 1985, kuma daga 1995 tana ƙarƙashin BCEAO, bankin da ke buga sefar da ke aljihunka. Abin da ake koyarwa shi ne abin da za ka tarar a kan teburin aikinka in ka dawo Yamai: tsarin akanta na yankinmu da ake kira SYSCOHADA, dokokin kasuwanci na OHADA da ƙasashe 17 suke aiki da su, ƙa'idojin hukumar sa ido kan bankuna da ke Abidjan, da yadda kasuwar hannun jari ta BRVM take tafiya. Wanda ya karanto a Faransa sai ya dawo ya zauna ya sake koyon waɗannan duka, ga takarda mai kyau a hannu amma ƙaramin akawu ne ke nuna masa inda ake shigar da lissafi.

Amma abin da ya fi yi mini amfani shi ne mutanen da muka zauna aji ɗaya. Akwai ƴan Kodibuwa, ƴan Benin, ƴan Togo, ƴan Burkina, ƴan Mali, kowa da irin Faransancinsa. Bayan na dawo, wani ɗan kasuwa da muke hulɗa da shi a wurin aikinmu ya tura kuɗin kaya Lome, kuɗin suka maƙale a hanya, kwantenarsa tana zaune a tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya yana hawa kullum. An rubuta wasiƙa, an sake rubutawa, shiru. Sai na tuna wata da muka yi aikin rukuni tare, wadda a lokacin muke yi wa tsiya saboda ba ta yarda a tashi sai an sake duba lissafi tun daga farko. Tana aiki a banki a Lome. Na kira ta da hantsi, ta ce in ba ta lambar turawar. Kafin la'asar ta gano cewa takarda ɗaya ce ba a haɗa ba, ta gaya mini wace ce da wanda za a miƙa wa. Alhajin nan har yau in ya gan ni sai ya tsayar da mota. Irin waɗannan lambobin waya suna nan cike da wayata, daga Kwatano har Bamako, kuma su ne masu sanar da juna in an buɗe gurbin aiki a BOAD, bankin raya ƙasashen Afirka ta Yamma, ko a hukumar UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu sefa, a Wagadugu kafin sanarwar ta gama zagayawa.

Dakar tana da tsada, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Haya ce ke cin mutum. Makarantar tana bakin titin Janar de Gaulle, dab da unguwar Madina, saboda haka ka nemi ɗalibanmu ƴan Nijar da ke can ku haɗa ɗaki a Madina ko Fass, inda za ka iya tafiya da ƙafa. Shinkafa da kifi kuwa za ka ci har ka yi marmarin fura. Sauƙin abin, kuɗin ɗaya ne. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025 amma tana nan cikin UEMOA, jikka goman da za a turo maka daga Tawa jikka goma ce a Dakar, ba canji ba asara.

Faransa kuwa, to, akwai makarantun kirki, ba wanda ya musa. HEC, ESSEC, ESCP, INSEAD, duk wanda ya fito daga cikinsu ba ya yawon neman aiki. Sai dai ba ɗaya daga cikinsu ce ta rubuto maka ba, kuma ba sa karɓar mutum cikin kwana biyu.

Tunda ka tambayi ko kana da rabo a irin waɗannan, bari mu auna da gaske. MBA ɗinsu, wato babbar takardar shugabancin kasuwanci, na waɗanda suka daɗe a bakin aiki ne, yawancin ƴan ajin sun yi shekara biyar zuwa shida suna aiki, wasu suna shugabantar mutane. Shekara biyunka ta yi kaɗan. Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce mastar ta sarrafa kamfani da suke ɗaukar sababbin masu lisans, ita ma sai da jarrabawar shiga ta GMAT ko GRE, wasu kuma suna karɓar TAGE MAGE da ake yi da Faransanci. GMAT da Turancin Ingilishi ake yin ta, kashi uku, kowane minti 45, maki daga 205 zuwa 805. A tsohon ma'aunin da ke tsayawa a 800, waɗanda manyan makarantun nan ke ɗauka suna kewayen 700 ne. Ga jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS a kai. Mu da muka taso da Faransanci, lissafin ba ya ba mu tsoro kamar karanta dogon rubutu da Ingilishi agogo yana gudu. Wata shida na shiri ba su yi yawa ba.

Maki 13 ba abin kunya ba ne a tsarinmu, inda malami ke riƙe 16 kamar gadon ubansa, amma mai duba dosiye a Paris ba lalle ya san haka ba. In kana cikin na gaba a ajinku, ka karɓo takarda daga tsangayarku da ke nuna matsayinka. Kuma kasancewarka ɗan Nijar riba ce: makarantun nan suna alfahari da yawan ƙasashen da ke ajinsu, masu nema daga wajenmu kuma ba su da yawa. Wanda ya iya ba da labarin yadda ake bin bashi a wajen manoman albasar Galmi a shekarar da farashi ya faɗi, yana da abin faɗa wanda ɗan banki na ɗari daga Paris ba shi da shi. To amma wannan ribar sai makin jarrabawa ya kai ka bakin ƙofa tukuna take aiki. A yadda kake yau, ba GMAT ba Ingilishi, rabonka a manyan ƙanƙane ne. Nan da shekara huɗu, da mastar da ƙarin girma a wurin aiki, magana ce daban.

Ko an ɗauke ka, sai kuɗi. MBA a HEC ko INSEAD ya kai wajen Yuro 100,000, Yuro ɗaya kuwa sefa 655.957 ne, ka ga an haura miliyan 65 ke nan, ba ci ba haya. Shekara da shekaru masu ba da bizar karatu sun riƙa neman mutum ya nuna aƙalla Yuro 615 na kowane wata, sama da jikka 400. Tallafin Eiffel na gwamnatin Faransa da ake yawan ambata, makaranta ce ke nema wa ɗalibi, ba kai ba, kuma ba ya biyan kuɗin makaranta. Sannan ga babbar matsalar: ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi a Janairun 2024, a al'ada kuma ana neman biza ne a ƙasar da mutum yake zaune. Takardar karɓa a hannu ba biza, ai ado ce kawai.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don na ga abin ya yi yawa a garin nan. Ka kiyayi masu ƙananan ofisoshi da masu tallan WhatsApp da ke cewa su za su samo maka gurbi da biza gaba ɗaya. Ba wanda ke da biza a aljihunsa. Wasu har takardar banki ta jabu suke haɗa wa yaro, in an gane kuwa sunansa ne ke ɓaci, su sun riga sun ci kuɗinsu. Kada ka ba kowa fasfonka ya riƙe. Makarantar da ta matsa maka ka biya kafin Juma'a, wai gurbi zai ƙare, ka ce ta rubuto maka a takarda cewa za ta maido da kuɗin in ba a ba ka biza ba, ka ga yadda za ta yi sanyi. Ka kuma sani cewa a Faransa kowace makaranta tana iya laƙaba wa kwas ɗinta sunan MBA ko mastère, sunan ba shi da mai gadi. Abin tambaya shi ne ko takardar tana da matsayin grade de master da gwamnati ta amince da shi, wanda hukumar CEFDG ke tantancewa kuma take wallafa jerin sunayen. Lambar RNCP, ta rajistar takardun sana'a, da suke ɗagawa sama wani abu ne daban. Sai kuma hatimin inganci na EQUIS, AACSB ko AMBA, waɗanda ake dubawa a shafin su masu hatimin, ba a takardar tallan makarantar ba. A nan gida ma haka ne: duk wata mastar da aka ce reshen wata jami'ar waje ce, ka nemi sunan kwas ɗin kansa a jerin CAMES, hukumar ƙasashen Afirka da ke amincewa da takardun jami'a, domin kwas-kwas ake amincewa da su, ba makaranta dungurungum ba.

CESAG ma ba kyauta ake shiga ba, ana tace mutane, kuma akwai masu faɗuwa. Ka fara haɗa dosiye tun yanzu: takardun maki na shekara ukun duka, shaidar aiki, da wasiƙa daga shugabanka na kai tsaye wanda ya san aikinka, ba wani babba da bai taɓa ganin ka a ofis ba. Ka koma kan lissafin kuɗi da na akanta, ka riƙa karanta labaran tattalin arzikin yankin nan, don in aka zo hira kada a tambaye ka aikin BCEAO ka tsaya kallon silin. Ka leƙa ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, ka ji ko akwai tallafin da ya shafe ka, ka kuma tambayi wurin aikinka, wasu suna biya wa ma'aikaci in ya sa hannu zai dawo musu. Kuɗin riƙe gurbin nan da ka tara, ka adana shi don hayar watannin farko a Dakar.